Waiwaye: Yadda aka fara horar da likitocin farfaɗo da gaɓoɓi

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojan da harsashi ya taɓa wa laka kusan an fid da rai da shi. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka, Harvey Cushing, ya ruwaito cewa kusan kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan sojoji sun rasu a makonnin farko. Waɗanda raunin bai kashe ba, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara mai hawa zuwa ƙoda su ke ƙarasa su. Likita ya yanka ya ɗinke ya wanke hannunsa, abin da zai biyo baya kuwa babu mai shi. Wannan giɓi ne ya haifar da fannin likitancin da ke kula da mayar wa mutum amfanin jikinsa bayan ciwo ko rauni.

Wanda ake jingina wa asalin horon shi ne Frank Krusen. Yana matashin likita mai burin zama likitan tiyata, tarin fuka ya kwantar da shi a wani asibitin masu tari da ke jihar Pennsylvania. A kan gadon jinya ya ga yadda doguwar kwanciya ke cinye ƙarfin mutum, ta kuma kashe masa zuciya. Da ya warke sai ya sauya hanya. A 1929 ya buɗe sashen jinya da zafi da haske da ruwa da lantarki da motsa jiki a Jami'ar Temple da ke Philadelphia. A 1935 ya koma asibitin Mayo a jihar Minnesota, inda a 1936 ya fara horon ƙwarewa na shekara 3, irinsa na farko a Amurka. A lokacin manyan likitoci ba su ɗauki abin a bakin komai ba, domin 'yan damfara masu sayar da na'urorin lantarki da sunan maganin kowace cuta sun riga sun ɓata wa harkar suna. Tsararren horo, da manhaja da jarrabawa, shi ya raba likitan gaske da su.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Maganin penisilin da ƙarin jini suka sa sojojin da a da za su mutu suka rayu, amma babu ƙafa, ko babu hannu, ko rabin jiki a shanye. Buƙata ta yi yawa har Krusen ya riƙa yi wa likitocin soja kwas na wata 3 a Mayo. A ɓangaren sojan sama kuma, wani likita daga St. Louis mai suna Howard Rusk ya lura a 1942, a barikin Jefferson da ke Missouri, cewa sojojin da aka bari kwance babu aikin yi sun fi daɗewa a asibiti, sun kuma fi dawowa bayan sallama. Ya tashe su, ya ba su motsa jiki da karatu da koyon sana'a. A ganinsa jinya mataki uku ce: rigakafi, magani, sannan mayar da mutum cikin jama'a yana iya ci da kansa. Bayan yaƙi ya kafa cibiyarsa a Jami'ar Niyok a 1948. A Ingila ma Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville a 1944, ya kafa dokar juya majinyaci duk bayan awa 2, dare da rana. Wasan harbin kibiya da ya shirya wa majinyatansa a 1948 shi ne tushen gasar Olamfik ta naƙasassu.

Kuɗi ma sun yi rana. A 1944 attajiri Bernard Baruch, wanda mahaifinsa likita ne mai jinya da ruwa, ya ba da sama da dala miliyan 1 don koyarwa da bincike da tallafa wa likitoci masu neman ƙwarewa. A 1947 aka kafa hukumar da ke jarraba ƙwararrun fannin, Krusen ne shugabanta na farko. A 1949 aka ƙara farfaɗowa a sunanta, wato hanyar Krusen da ta Rusk suka haɗe. Annobar shan inna, wadda ta kama kusan mutum 58,000 a Amurka a 1952 kaɗai, ta ƙara cika sassan da yara.

Yau a Amurka horon shekara 4 ne bayan kammala makarantar likitanci: shekara 1 a manyan sassan asibiti, 3 a fannin kansa. Abin da ya fi burge ni shi ne irin tambayoyin da ake koya wa likitan. A zagayen safe ba ya tsayawa a kan zazzaɓi da hawan jini. Zai ɗaga bargo ya duba diddige da ƙugu ko fata ta fara ja. Zai tambaya ko majinyacin ya iya tashi daga gado zuwa keke da kansa, ko yana ƙwarewa in ya sha ruwa, sau nawa aka zuƙe masa fitsari, matakala nawa ce a ƙofar gidansu, wa zai kula da shi in an sallame shi. Yana koyon soka siririyar allura a tsoka don sauraren lantarkinta, ya gane ko jijiya ce ta mutu ko tsokar ce da kanta. Yana koyon allurar sassauta gaɓar da ta ƙage, da rubuta irin ƙafar robar da ta dace da dungulmin da ke gabansa. Kowane mako kuma ana zama da masu gashin ƙashi, masu koyar da magana, ma'aikatan jinya da na walwala, a bi majinyata ɗaya bayan ɗaya. Iya jagorancin wannan zama, a ganina, shi ne rabin horon, kuma ba a samun sa a littafi.

Mu nan ba baƙin wannan buƙata ba ne. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafa suna nan a titunan Kano a kan kekensu na tuƙin hannu, ga masu shanyewar ɓarin jiki, ga waɗanda haɗarin mota da babur ya karya wa baya. Aikin gashin ƙashi ya shigo Najeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan ta fara digirinsa a 1966, asibitin ƙashi na Dala kuma yana aiki tun 1959. Masu gashi da likitocin ƙashi su ke ɗauke da wannan nauyi, kuma suna ƙoƙari matuƙa. Likitan da ya ƙware a farfaɗowa kuwa sai an tona. Wani bincike da Andrew Haig da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya lalubo guda 6 kacal a Afirka kudu da Sahara.

Matsalar a fili take: ba a horar da ƙwararre sai a ƙarƙashin ƙwararre, to ina za a samo na farkon? Gana ta gwada wata dabara a 'yan shekarun nan. Ta ɗauki likitocin iyali da suka riga suka ƙware, malamai daga ƙasashen waje suka riƙa koyar da su ta intanet, su kuma suna duba majinyata a asibitocinsu, kamar asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi. Habasha ma ta bi wannan hanya. A watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan farfaɗowa, bayan ƙiyasin da ya nuna mutum biliyan 2.4 a duniya na buƙatarta. Daga cikin abin da ƙudurin ya nemi ƙasashe su yi har da horar da ma'aikatan wannan fanni, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Yamai suna da majinyatan da za a fara da su.