Ɗan aiken AI da takardar da ke hannunsa: yaya za a gane bayanin kayan aiki ya yi?

A ce wani Alhaji mai sayar da shinkafa da man girki a sari a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, a Gana, ya sa an haɗa masa ɗan aiken AI a WhatsApp, mai duba kayan da suka rage a sito, ya tura kuɗi ta MoMo, wato aika kuɗi ta waya, ya kira mai aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya kai kaya. Ga tambayoyin da ke gaban wanda ya haɗa manhajar kafin ya miƙa ta.

Wai mene ne bayanin kayan aikin?

Kayan aiki a nan shi ne kowane aiki da manhajar ke ba ɗan aiken damar yi, kamar duba sito ko tura kuɗi. Ɗan aiken ba ya ganin cikin manhajarka. Abu uku ake ba shi a kan kowane kayan aiki: suna, 'yan jimlolin da ke faɗin aikinsa, da guraben da zai cike, waɗanda ake rubutawa da JSON Schema, wani salon rubutu da ke faɗin irin abin da kowane gurbi ke karɓa. Haka abin yake a tsarin da kamfanin OpenAI ya fitar a Yunin 2023, haka kuma a MCP, tsarin haɗa AI da kayan aiki na kamfanin Anthropic, da ya fito a Nuwamban 2024. Ɗauki ɗan aiken kamar yaron shagon da ya kama aiki yau da safe: ga kaifin kai, amma bai san Kumasi ba, kuma duk abin da ba a faɗa masa ba sai ya yi da ka.

Ba sai in karanta in ga ya yi ba?

Ina! Kai ka rubuta shi, abin da ka manta yana cikin kanka, idonka zai cike gurbin ba ka sani ba. Abin dubawa shi ne abin da ɗan aiken ya aikata bayan ya karanta.

To yaya ake gwajin?

Tara saƙo 30 zuwa 50 yadda Alhaji ke magana da gaske, Hausa da Turanci da Tuwi a cakuɗe, irin su "tura wa Hajiyar Aboabo kuɗin buhun jiya". Kafin ka kunna komai, rubuta wa kowane saƙo amsarsa: wane kayan aiki ya dace, me za a zuba a kowane gurbi. A cikinsu a samu kamar goma da amsarsu ita ce kada ya taɓa komai, ko ya dawo ya yi tambaya, domin Hajiya a unguwar Aboabo ba ɗaya ba ce. Yi gwajin a asusun gwaji, ba da kuɗin mutane ba.

Sai ka ƙirga: ya ɗauko kayan aikin da ya dace? Ya cike guraben daidai? Sau nawa ya kira kayan aiki kafin ya gama? Na ƙarshe ya fi duka nauyi: me ya shiga littafin lissafi? Yakan ce "na tura" alhali bai tura ba.

Kowane saƙo a maimaita shi aƙalla sau 5, don amsarsa kan sauya. Wanda ke yin daidai sau 90 cikin 100, in kowane zagaye zaman kansa yake, damar ya yi daidai sau biyar a jere kusan 59 ce cikin 100. Irin wannan awon ne τ-bench, ma'aunin gwada 'yan aiken AI na kamfanin Sierra, ya zo da shi a 2024.

A ina aka fi yin tuntuɓe?

A wajen kuɗi. Ga gurbi an rubuta masa "adadin kuɗi" kawai. Hanyoyin biya da yawa, har da Paystack, da pesewa suke karɓar adadi, kuma pesewa 100 ne sidi ɗaya. Ɗan aike ya zuba 500, Hajiya ta ga sidi 5 a wayarta. Gyaran jimla biyu ne: "Adadi da pesewa, ba ɗigo. Sidi 500 a rubuta 50000." In da hali ma, gurbin ya karɓi sidi, manhaja ta yi lissafin da kanta.

Akwai wanda ya fi wannan. Tun Yulin 2007 aka canza kuɗin Gana, tsohon sidi 10,000 ya koma sabo ɗaya, amma har gobe dattawan kasuwa in sun ce "miliyan biyu" sidi 200 suke nufi. In bayani bai faɗi haka ba, bai kuma ce a karanto wa mai kuɗi adadin ya amince kafin a tura ba, sai dai Allah ya kiyaye.

Lambar waya ma haka: da sifili za a fara ko da 233? Kada kuma a bar shi ya ce duk lambar da ta fara da 024 ta MTN ce, tunda mutum na iya komawa kamfanin Telecel da lambarsa. Kwanan wata 03/04 a Gana uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris. Adireshin GhanaPostGPS kuwa, wato lambar adireshin dijital ta Gana, a ba shi misali guda mai farawa da AK, alamar Kumasi, kada ya zuba "bayan masallaci" a gurbin.

Idan yana rikita kayan aiki biyu fa?

Galibi sunayen ne suka yi kama, kamar duba_kaya da nemo_kaya. Haɗe su wuri ɗaya, ko kowane bayani ya faɗi lokacin da ba a amfani da shi.

Saƙon kuskure yana cikin gwajin?

Sosai. Ba shi lambar waya mai guntun adadi da gangan ka ga abin da zai yi. "Kuskure 400" ba ya koya masa komai, zai ta maimaita kiran. "Lambar ta zama adadi 10, farawa da sifili" kuwa, yakan gyara a karo na biyu. Gwada yankewar intanet ana tsakar tura kuɗi: ya duba ko na farko ya wuce, ko ya sake turawa?

Na gyara, maki ya hau. Shi ke nan?

Da saura. Gyara abu ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi magani ba. Ware kashi ɗaya cikin huɗu na saƙonnin, kada ka leƙa su sai ranar ƙarshe. In maki ya hau a waɗanda ka sani amma ya tsaya a waɗannan, to satar amsa ka koya masa. Ranar da aka sauya samfurin AI ɗin da ke ƙarƙashi, ko aka ƙara sabon kayan aiki, a sake gwajin tun daga saƙo na farko.