Jinya a Legas: Daga Gida Zuwa Asibiti

A tsohuwar al'adar Hausawa, jinya aikin cikin gida ce. Mara lafiya na kwance a ɗakinsa, masu magani ne ke zuwa gare shi: wanzami da ƙaho da aska, ungozoma in naƙuda ta tashi, maɗori in an samu karaya, malam da rubutun sha. Kayan aikin wanzami duka zabira ɗaya ce ke ɗauke su. Da wannan tsarin fataken goro da dillalan shanu suka zauna a Legas.

Tarihi

Abin da ya juya lamarin kayan aiki ne da ba sa ɗaukuwa zuwa gida. A 1846 aka nuna tiyata da maganin sa barci a Boston ta Amurka. A 1867 Joseph Lister, likitan tiyata ɗan Birtaniya, ya bayyana hanyar kashe ƙwayoyin cuta a wajen tiyata, a 1895 kuma Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a Jamus. Tiyata na son ɗaki tsaftatacce, na'urar hoto na son lantarki, ƙarin jini kuwa sai da gwaji da firiji. Dole mara lafiya ya tashi ya je inda suke.

Babban Asibitin Legas da ke tsibiri ya soma wajajen 1893, don sojoji da ma'aikatan Turawa tun farko. Asibitin ƙashi na Igbobi ya samo asali ne daga kula da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya buɗe a 1962 a Idi-Araba, unguwar da Hausawa ke da yawa.

Haihuwa

Nan ne amfanin asibiti ya fi fitowa fili. Doguwar naƙuda da zubar jini sun fi ƙarfin ungozoma komai gwanintarta, tiyata da ƙarin jini sun ceto mata da yawa. Bakwaini ana sa shi a kwalba. Wankan jego da kunun kanwa dai suna nan a gida.

Karaya

Wasu na fifita maɗori saboda sauƙin kuɗi da tsoron yanke gaɓa. Likitoci na kukan jinkirin da hakan ke jawowa.

A yau

Ko an ba mutum gado, ɗan'uwa mai jinya ne ke sayo magani, ya kawo abinci, ya nemo mai ba da jini. Zazzaɓi da ƙananan ciwo kuwa yawanci a kemis ake gamawa.