Zumuncin Kirista da Dogara ga Allah a Damagaram

Zumuncin Kirista shi ne zaman taimakon juna da mabiya Almasihu suke yi tsakaninsu, a cikin majami'a da wajenta: haɗuwar sujada, addu'ar gida-gida, gaisuwar marar lafiya, gudummawar biki da ta rasuwa, da kula da gwauraye da marayu. A koyarwar ikilisiya ba a ɗaukarsa a matsayin kirki kawai. Ana ganin ta hanyarsa ne bangaskiyar mutum take girma, har ya koyi dogara ga Allah. A birnin Zinder, wato Damagaram, inda Kiristoci 'yan ƙalilan ne a tsakiyar jama'ar Musulmi, zumuncin yakan ɗauki nauyin da a wani wuri dangi da unguwa suke ɗauka.

Asalin jama'ar

Damagaram tsohuwar masarautar Musulunci ce, wadda ta yi tashe a ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarki Tanimun. Faransawa sun kama garin a 1899, suka mai da shi hedikwatar mulkinsu kafin su mayar da ita Yamai a 1926. A nan ne mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission, ƙungiyar masu yaɗa bishara), wanda aka kafa a 1893, ya fara aiki a ƙasar Nijar a 1924. Aikin bai yi saurin kama ƙasa a Damagaram ba. A wajen Maraɗi ya fi samun gindin zama, a Tsibiri da kewayenta, sai kuma asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 da asibitin kutare na Danja. Daga wannan aiki aka sami ikilisiyar EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, a farkon shekarun 1960, wadda daga baya ta rabu gida-gida.

Katolika kuwa da baƙi suka fara: akawu, malaman lakwal da masu sana'a daga Dahome da Togo, waɗanda suka biyo aikin gwamnatin mallaka. Tun 2001 cocin Katolika na Zinder yana ƙarƙashin Bishop na Maraɗi, wanda yankinsa ya haɗa da Tawa, Agadas da Difa. Daga baya ikilisiyoyin Fentikos sun shigo, akasari ta hanyar 'yan kasuwa da masu wa'azi daga Najeriya, tun da Kano ta fi Yamai kusa da Zinder nesa ba kusa ba.

Ƙidayar jama'ar Nijar ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba. A Zinder wannan 'yar jama'a iri biyu ce. Akwai 'yan ƙasa, Hausawa da wasunsu, waɗanda iyayensu ko su kansu suka karɓi bishara. Akwai kuma baƙi da ma'aikatan gwamnati da sojoji da ɗalibai, masu zuwa su yi 'yan shekaru su tafi. Ɗan ƙasan da ya bar addinin gidansu sau da yawa yakan rasa wani abu na gado ko na aure ko na shiga sha'anin dangi. Baƙon kuwa tun farko danginsa suna nesa. Dukansu biyu, in ciwo ya zo da tsakar dare, ƙofar ɗan'uwa a ikilisiya suke ƙwanƙwasawa.

Tushensa a Littafi Mai Tsarki

Nassin da aka fi kafa hujja da shi yana cikin Ayyukan Manzanni 2:42-47, inda aka kwatanta masu bi na farko a Urushalima suna nacewa ga koyarwar manzanni, da tarayya, da gutsuttsura gurasa, da addu'a, suna sayar da abin hannunsu don biyan bukatar wanda ba shi da shi. Ibraniyawa 10:24-25 ta gargaɗi masu bi kada su daina taruwa. Galatiyawa 6:2 ta umarce su su ɗauki nauyin juna, Romawa 12:15 kuma ta ce a yi murna da masu murna, a yi kuka da masu kuka. Bulus ya kwatanta ikilisiya da jiki guda mai gaɓoɓi da yawa a 1 Korintiyawa 12, in gaɓa ɗaya ta ji ciwo sauran duka sun ji.

Wasiƙar Yakubu ce ta fi fitowa fili. A sura ta 2 ta tambaya, mene ne amfanin a ce wa mai yunwa da tsiraici ya sauka lafiya alhali ba a ba shi komai ba? A ƙasar da ta ga yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984, da ƙarancin abinci na 2005 da 2010, mai wa'azi ba ya bukatar dogon sharhi a kan wannan aya.

Hausa ita ce harshen da ya haɗa mafi yawan masu bi a wannan yanki. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma littattafan waƙoƙin sujada da ake rerawa da su a arewacin Najeriya su ne suka tsallako iyaka. A majami'un da baƙi suka fi yawa ana haɗawa da Faransanci, tafinta yana tsaye kusa da mai wa'azi.

Yadda ake yinsa

Sujadar Lahadi ita ce ginshiƙi, amma abin da ya fi ƙulla mutane yana faruwa ne kafin wa'azi da bayansa. A ikilisiyoyin bishara akan ware lokacin shaida. Mace za ta miƙe ta ce ɗanta ya kwana uku yana zazzaɓi, kuɗin magani babu, sai ga wata 'yar'uwa ta shigo da jaka biyu a ƙulle a bakin zane, ba tare da an gaya mata ba. Jama'a su amsa da "Amin", a ɗaga waƙa. Wanda yake zaune a baya da tasa damuwar ya ji da kunnensa, daga bakin wadda ya sani, ya san gidanta, ya san talaucinta. Wannan shi ne babban aikin shaida: tana fitar da maganar amincin Allah daga shafin littafi ta sa ta a cikin unguwa. Bayan shaida akan karanta sanarwa, a faɗi wanda yake kwance a likita, da wadda ta haihu, da wanda aka yi wa rasuwa a ƙauye, a kuma ɗauki baiko na musamman in abin ya fi ƙarfin mai shi.

Ƙungiyar Zumuntar Mata ita ce ƙashin bayan wannan aiki, kuma duk wanda ya san majami'un Hausa ba zai yi gardama a kai ba. Matan suna da ranar taronsu a tsakiyar mako, da anko, da waƙoƙinsu da suke rerawa da kiɗan tulu da caki. Suna da asusu, da yawansu kuma suna adashi tsakaninsu, irin wanda matan garin duka suka saba da shi. In aka yi haihuwa su ne masu kai sabulu da itace da ruwan wanka, wanda a Zinder, garin da ƙarancin ruwa ya daɗe yana damunsa, kyauta ce mai tsada. In aka yi rasuwa su ne masu girki da zaman makoki, suna kwana da gwauruwa har baƙi su watse. Bayan sun watse ɗin ne aikin gaske yake farawa. Tiya biyu ta hatsi da za a aika da yaro ya kai bayan magariba don kada maƙwabta su gani, kuɗin rajistar lakwal na maraya, jarin ƙosai ko na ƙuli-ƙuli: waɗannan ba a sanar da su a bagade, amma su ne matar za ta tuna in an ce mata Allah uban marayu ne, mai tsaya wa gwauraye, kamar yadda Zabura 68:5 ta faɗa.

Matasa suna da tasu ƙungiya da ta mawaƙa. A garin da samari suke taruwa a fada suna shan shayi har dare, yaron Kirista ma yana da fadarsa a unguwa tare da abokansa Musulmi, amma a taron matasan majami'a ne yake iya tambayar abin da ba zai tambaya a can ba, ciki har da maganar wa zai aura a cikin jama'ar da 'yan matanta da samarinta ƙidayayyu ne. Tarurrukan matasa da na mata da ake yi tsakanin garuruwa suna rage wannan ƙunci, auratayya da dama daga nan suke samo asali.

Sai ziyara. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma fasto da dattawan ikilisiya da ƙafar ake auna su. Ana shiga da sallama, a gaida mai gida, a ce "Baba, ina gajiya, yaya jiki?", a zauna a tabarma, a karanta 'yan ayoyi, a yi addu'a ana ambaton marar lafiya da sunansa, bisa ga Yakubu 5:14. Mutane sukan kira fasto Baba, matarsa Mama, ko da sun girme su. A wajen Katolika wannan aiki yana hannun fada, wato limamin coci, da sistoci da katakis masu koyar da addini, da ƙananan ƙungiyoyin unguwa masu taruwa a gidaje, da kuma ƙungiyar agajinsu ta Caritas.

Yadda yake gina dogara

Malaman ikilisiya sukan bayyana dangantakar ta fuskoki da dama. Ta farko ita ce koyi. Ba a koyon dogara ga Allah da haddace ma'anarta. Yaro yana ganin yadda kakarsa take addu'a a shekarar da damina ta yi gardama, sabon tuba yana ganin yadda dattijo ya ɗauki mutuwar ɗansa, su ɗauka daga nan. Ta biyu ita ce riƙo a lokacin rauni. Akwai ranakun da mai makoki ba ya iya buɗe baki ya yi addu'a, sai wasu su yi a madadinsa yana ji, har ƙarfinsa ya dawo. Labarin shanyayyen da mutum huɗu suka ɗauko suka zura ta rufin ɗaki, a Markus sura ta 2, shi ake yawan kawowa a nan, domin nassin ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani.

Ta uku ita ce fassara abin da ya faru. Wanda aka kora daga aiki ko aka raba shi da matarsa saboda addininsa zai iya ɗauka Allah ya yashe shi. Jama'ar da ta kewaye shi ita take ba shi wata fahimta, ta tuna masa da Ayuba da Yusufu, ta kuma nemo masa ɗaki da sana'a. In aka yi maganar ba a nemo ɗakin ba, ba ta cika kama zuciya ba.

Gwajin 2012 da 2015

A watan Satumba na 2012, lokacin zanga-zangar da wani fim ɗin ɓatanci da aka yi a Amurka ya jawo, an kai wa cocin Katolika na Zinder hari. Mafi muni ya zo ranar Jumma'a 16 ga Janairu 2015, bayan mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci. Masu zanga-zanga sun ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa, aka fasa gidaje da shagunan Kiristoci. Washegari abin ya kai Yamai, inda aka ƙona majami'u 45. Hukuma ta ce mutum 10 suka mutu a ƙasar, 5 daga ciki a Zinder, aka kuma yi zaman makoki na kwana uku. Ɗaruruwan Kiristocin Zinder sun fake a barikin soja.

A waɗannan kwanaki an ga abubuwa biyu. An ga mabiya ɗariku dabam-dabam, waɗanda a da kowa yake harkarsa, suna kwana wuri guda, suna cin abinci guda, suna sujada tare. An kuma ga maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu ko suka adana musu kaya, malamai da shugabanni da dama kuma suka yi tir da abin da aka yi. Shugabannin ikilisiyoyi sun yi kira ga gafara da barin ramuwa. Wasu iyalai, musamman baƙi, sun bar garin ba su dawo ba. Waɗanda suka zauna sun ci gaba da taruwa a gidaje da rumfuna kafin a gyara gine-ginen.

Inda yake da rauni

Ƙaramar jama'a ba ta da wurin ɓuya. Abin da aka faɗa a matsayin roƙon addu'a da safe yana iya zama hirar bakin famfo da yamma, shi ya sa wasu suke haɗiye damuwarsu, musamman ta aure da ta bashi. Akwai kuma tsohuwar matsalar jingina da mishan. Shekarun da Turawa suka yi su ne masu ba da aiki da magani da kuɗin makaranta sun bar wata ɗabi'a ta sa ido ga taimakon waje, abin da fastoci da yawa suke wa'azi a kansa, suna cewa dogara ga Allah daban, dogara ga mai kawo tallafi daban. Zargin cewa wani ya shiga addinin ne don abin duniya yana cutar da masu gaskiya, yana kuma sa a yi wa sabon tuba kallon shakka a daidai lokacin da ya fi bukatar a rungume shi.

Tsakanin 'yan ƙasa da baƙi ma akan sami tsaga, ta harshe da ta arziki da ta wanda zai riƙe shugabanci. Rarrabuwar ɗariku ta sa 'yan tsirarun sun ƙara tsinkewa, har a sami majami'u biyu a kusa da juna, kowace ba ta cika benci goma ba. Yawan sauyin ma'aikata da tafiyar ɗalibai yana hana wasu majami'u samun dattawa masu daɗewa. Wayar salula ta ɗan toshe wannan giɓi: ƙungiyoyin mata da na matasa suna da zaurukan WhatsApp inda ake aika saƙon murya na roƙon addu'a da sanarwar rasuwa, wanda aka yi wa sauyin aiki zuwa Magariya ko Tanut ko Gure kuma fastonsa yakan kira na can ya ba da amanarsa tun kafin motarsa ta isa tasha.