Me ake nufi da vekta a maganin gyaran ƙwayoyin halitta, kuma me ya sa jiki ke yaƙarsa?

Vekta dai bairos ne da masana suka kwashe kayan cikinsa, suka cusa masa lafiyayyen kwafin ƙwayar halittar da majinyaci ya rasa, shi kuma ya yi dakonta har cikin ƙwayoyin jiki. A cututtukan ƙwaƙwalwa da laka an fi amfani da wani ƙaramin bairos mai suna AAV, musamman nau'insa AAV9, don yana iya ƙetare shingen nan da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda yawancin magunguna ba sa wucewa.

Toh garkuwar jiki ba ruwanta da wai magani aka ɗauko, ɓawon bairos ta gani sai ta taso. Tun 1999 aka ga haka, lokacin da Jesse Gelsinger ɗan shekara 18 ya rasu a gwaji a Jami'ar Pennsylvania kwana 4 bayan an yi masa allurar vektan wani bairos mai suna adenobairos. AAV ya fi wancan sauƙi sosai amma shi ma ba kanwar lasa ba ne. Mutane da yawa sun taɓa haɗuwa da shi ba su ma sani ba, jininsu na ɗauke da antibodi, wato sojojin garkuwar jiki, da za su cafke vektan tun bai je ko'ina ba, shi ya sa kafin a yi wa yaro Zolgensma, maganin SMA mai shanye tsoka da Amurka ta amince da shi a 2019, sai an auna jininsa tukuna. Ko ya tsallake wannan, hanta ce ke shan wuya, don can vektan ke taruwa in ta jijiya aka yi allurar. Ana fara ba yaron prednisolone, maganin da ke lafar da garkuwar jiki, ana gobe allura, a ci gaba wata guda ko fiye, duk da haka a 2022 Novartis, kamfanin da ke yin maganin, ya sanar yara 2 sun rasu hantarsu ta daina aiki.

Wasu sai suka koma zuba vektan kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa, kamar maganin Upstaza da Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022, kaɗan ake buƙata kuma an kauce wa antibodin jini. Sai dai tiyata ce fa, kuma ƙwaƙwalwa ma tana da nata masu gadin, maikurogiliya.

Ni abin da nake ganin ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne maimaici. Da an yi allurar jijiya sau ɗaya jiki ya haddace ɓawon, antibodi su yi sama su daɗe, in aikin maganin ya ja baya daga baya ba a iya sake yi da irin wannan vektan.