Gwamna ya ce a sayi bindiga, amma me doka ta ce?

A watan Yunin 2022, gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta fito fili ta ce wa talakawa su nemi bindiga su kare kansu daga ɓarayin daji, har ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 na jihar. Kafin shi, gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi irin wannan kira a jiharsa a 2021. Mutanen karkara da yawa sun ji maganar a rediyo, suka ɗauka an buɗe ƙofa ke nan. Ba a buɗe ba. Cikin 'yan kwanaki Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Ko an so ko an ƙi, ta fuskar doka shi ne mai gaskiya.

Dalili kuwa yana cikin kundin tsarin mulkin 1999. Makamai, harsasai da abubuwan fashewa suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Kuma babu inda kundin ya ce ɗan Najeriya yana da 'yancin riƙe bindiga. Masu kafa hujja da Amurka su sani cewa can an rubuta wannan 'yanci ne cikin gyara na biyu da aka yi wa kundinsu tun 1791. Mu a nan, riƙe bindiga alfarma ce da hukuma ke yi wa wanda ta ga dama, ta kuma janye in ta ga dama.

Dokar da ke tafiyar da lamarin ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wato ta girmi 'yancin kan ƙasar da shekara guda. Ta kasa bindigogi gida uku, kuma duk rikicin yana cikin wannan kashi ne.

Gida na farko shi ne na haramtattu: igwa, roka, bam da gurneti, bindiga mai aman wuta, bindigogin soja irin su AK-47, sai kuma ƙaramar bindigar hannu, wato fistol. Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe, domin a tunaninsu ƙaramar bindiga ƙaramin laifi ce. A wurin doka, fistol ɗin da ake sokewa a ƙugu gida ɗaya take da AK-47. Shugaban ƙasa kaɗai ke ba da lasisin wannan aji, kuma wanda aka kama da ita ba izini, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 10 ne. A kula, mafi ƙaranci aka ce. Jerin ya kuma rufe da wani tarko: duk bindigar da ba a ambata a gida na biyu ko na uku ba, ta faɗa cikin haramtattu kai tsaye.

Gida na biyu shi ne bindigogin amfanin kai, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi: bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda ake karyawa a sa harsashi da hannu, da bindigar iska, da makamantansu. Riƙe su ba lasisi yana iya kai mutum gidan yari har shekara 5. Amma dokar ta cire duk wadda ke da na'urar ɗora sabon harsashi daga wannan gida. Shi ya sa bindigar nan da aka fi sani da fam-akshin, wadda 'yan banga da masu gadin manyan gidaje ke ji da ita, take jawo wa masu ita fitina, ko da sun saye ta da kuɗinsu na halal.

Sai gida na uku, wanda ya fi shafar mutanenmu: bindigar toka, adaka, ko harbi-ka-ruga kamar yadda ake yi mata ba'a. Duk wanda ya taɓa ganin maharbi yana ɗura ta ya san dalilin sunan. Zai zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya danna da ƙarfe, ya zuba 'yan gutsattsarin ƙarfe ko dalma, ya sake dannawa. Harbi ɗaya, shi ke nan, sai a koma farko. A kan wannan aji kaɗai jiha ke da ta cewa: kwamishinan 'yan sanda, da amincewar gwamna, yana iya ba da umarnin hana riƙe ta sai da lasisi a jihar ko wani yanki nata. Inda aka ba da umarnin, wanda ya saɓa zai biya tarar naira 1,000 ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun. Wannan naira dubun kaɗai ta isa ta nuna maka tsufan dokar. 

Ko a gidan da ake ba da lasisi, ba dole ne a ba ka ba. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 17, ko mai taɓin hankali, ko mai matsalar gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tayar da hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Harsashi ma da nasa izinin. Maƙerin da ke ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da takarda ba, shi ma mai laifi ne, ko da sana'ar gadon gidansu ce. A 2023 kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi.

To ina maganar kare kai? Nan ne ake haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi gwargwadon larura don kare rai ko dukiya, kuma dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta ce abin da aka yi cikin halastaccen kare kai ba laifi ba ne. Sai dai da sharaɗi: kada ɓarnar ta wuce abin da ake buƙata, kuma kada ya zama akwai lokacin neman agajin hukuma. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi a Adamawa da ya ƙwace wuƙar wanda ya kai masa hari a gona ya kashe shi da ita, bisa hujjar cewa bayan ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu. Hukuncin ya jawo ce-ce-ku-ce sosai, amma ya nuna yadda alƙalai ke auna wannan kariya da ƙaramin mudu. Sannan ko kotu ta wanke ka a kan harbin, za a iya ɗaure ka a kan bindigar.

Ni dai ina ganin dokar na bukatar gyara, amma ba irin wanda wasu ke kira ba. Masu cewa a ba kowa AK-47 suna da hujja mai ƙarfi: ɗan bindiga ba ya cika fom, kuma ƙauyen da jami'an tsaro ba sa isa sai bayan an gama ɓarna ba za ka ce masa ya jira ba. Amma mun ga abin da ya faru a Zamfara lokacin da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yanke hukunci a kasuwa, ramuwar gayya ta ƙara rura wutar. Bindigar da aka saya don ɓarawo, ita ce za a ɗauko ranar rikicin gona ko ranar zaɓe. Inda dokar ta gaza shi ne ƙasa-ƙasa. Manomin da ke son bin ƙa'ida bai san ofishin da zai je ba, bai san ko an ba da umarni a jiharsa ba, sai ya isa shingen bincike da 'yar tokarsa ɗaure a bayan babur, a ƙwace, a tafi da shi. Rajista mai sauƙi a matakin ƙaramar hukuma, da shaidar mai unguwa da hakimi, da dokar da ta fayyace irin makamin da rundunoni kamar Askarawan Zamfara da dakarun sa-ido na Katsina za su riƙe, sun fi kiran gwamna a rediyo amfani. Dokar taƙaita ƙananan makamai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2024 ta ƙarfafa cibiyar da ke farautar haramtattun makamai ne, ba ta buɗe wa farar hula ƙofa ba.

Akwai kuma wani abu da gidaje da yawa ba su sani ba: lasisi ba ya shiga gado. In mai shi ya rasu, magada suna da kwana 14 ne kacal da doka ta yarda bindigar ta zauna a hannunsu. Bayan nan, mai baki biyun nan ta marigayi da ke rataye a bayan ƙofa ta zama bindiga marar lasisi, sai wani ya nemi nasa ko a miƙa ta ga 'yan sanda.