Difarenshal na aksil ɗin baya: sakakke da mai rage santsi

Difarenshal shi ne dunƙulen ƙarfen nan mai kama da tulu da ke tsakiyar aksil ɗin baya a motocin da tayoyin baya ke turawa, irin su Peugeot 504 da Hilux. Farfela, doguwar sandar nan da ke ƙarƙashin mota, ita ce ke kawo masa juyi daga giya, shi kuma ya raba wa tayoyi biyu. Dalilin yin sa shan kwana ne. In mota ta sha kwana, tayar waje ta fi ta ciki cin tafiya, misali motar da tsakanin tayoyinta mita 1.5 ne in ta juyo ta koma inda ta fito, ta waje ta ɗara ta ciki da wajen mita 4.7. Da a ce sandar ƙarfe guda ce ta haɗa su, dole ɗaya ta riƙa gurzar ƙasa. Wani Bafaranshe, Onésiphore Pecqueur, ya yi rajistar wannan dabara tun 1827.

Sakakken difarenshal shi ne na asali kuma shi ne a yawancin motoci, ba tsada, ba fitina, ƙananan giyoyi ne a ciki suna barin kowace taya ta yi gudunta. A nan ne mutane ke kuskure, sai ka ji an ce wai ƙarfin duka yana tafiya wajen tayar da ke santsi. Ba haka ba ne. Ƙarfin murɗawa daidai yake rabawa kullum, rabi da rabi, matsalar ita ce tayar da ta fi rauni ita ke yanke yawan abin da za a raba. Taya ɗaya ta faɗa laka ko rairayi, abin da take iya riƙewa kaɗan ne, to ita ma ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa wannan kaɗan ɗin za ta samu. Shi ya sa za ka ga mota ta kafe da damina, direba na ta taka totur, taya guda na feshin taɓo a jikin masu turi, ɗayar kuwa ko motsi.

Mai rage santsi, wanda ake taƙaitawa da LSD, an yi shi ne don toshe wannan kafar. Yana barin bambancin gudu a kwana, amma in bambancin ya so wuce gona da iri sai ya dage, ya tura ƙarin ƙarfi wajen tayar da ta kama ƙasa. Kamfanin ZF na Jamus ya ƙera wa motar tseren Auto Union irinsa a shekarun 1930, bisa buƙatar Ferdinand Porsche, don tayoyinta suna yawan sulɓewa in ta fito daga kwana. A Amurka kowane kamfani da sunan da ya laƙaba masa, Chevrolet na cewa Positraction, Ford Traction-Lok, Chrysler Sure Grip, kuma Positraction ɗin ne ya fi shiga bakin mutane.

Wanda aka fi gani shi ne mai faifan kuloci, siraran faifai a jere a bayan giyoyin gefe, ana matse su su riƙe sandunan biyu da ke juya tayoyin. Aibinsa faifan suna cinyewa, in ya tsufa sai ya koma tamkar sakakke ba tare da mai motar ya sani ba. Kuma yana da tsirfa wajen mai, sai man giya mai sinadarin da aka yi domin sa, in aka zuba na gama-gari sai a riƙa jin gurnani da karkarwa a baya duk sanda aka sha kwana a hankali. Akwai kuma wani nau'in LSD mai ruwan silikon mai kauri, wanda sai taya ta fara santsi yake kamawa, yana ɗan makara kenan. Sai nau'in Torsen, ƙirar Vernon Gleasman, shi zallan giyoyi ne masu murɗaɗɗun haƙora, ba faifan da zai cinye, amma fa in taya ɗaya ta tashi sama gaba ɗaya shi ma sai ya yi halin sakakke, sai dai direba ya ɗan taɓa birki ya ba ta abin turawa.

Yadda makanikai ke ganewa, a ɗaga bayan motar da jak tayoyi biyu su bar ƙasa, a juya ɗaya da hannu. In ɗayar ta juya ta kishiyar hanya sakakke ne, in ta bi ta hanya guda mai kuloci ne. Torsen na iya ruɗar da mutum a wannan gwajin.

Kar a haɗa LSD da makulli, wanda ke ɗaure tayoyin biyu tamau su zama abu guda, irin na wasu Land Cruiser da ake kunnawa a rairayi a kashe a kwalta. Kuma LSD ba ya rasa nasa haɗarin, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta in aka taka totur da ƙarfi tayoyin biyu na iya sulɓewa tare, bayan motar ya watsa gefe, alhali a sakakke tayar da ba ta santsi ita ke riƙe motar a layi. Motocin zamani da yawa ma sun bar sakakken a wurinsa, kwamfuta ce ke matsa birkin tayar da ke santsi ta hanyar na'urar ABS mai hana tayoyi kullewa in an taka birki.