Sinadaran aike na ƙwaƙwalwa: me ake nufi, kuma me ya haɗa su da ruɗewar tsoho?

Idan likita ya ce maka sinadarin ƙwaƙwalwar majinyaci ne ya samu matsala, yawanci sinadaran aike yake nufi, a asibiti za ka ji ana ce musu niyurotiransimita. Ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86 ne a ƙwaƙwalwar ɗan Adam, kuma ba manne suke da juna ba, akwai ɗan gibi tsakaninsu, toh saƙo in ya iso bakin gibin sai sinadari ya ɗauke shi ya haye da shi, kaman mai kwale-kwale tsakanin Kusiri da Njamena. In ya yi kaɗan ko ya yi yawa, ko wani magani ya tare masa hanya, shi kenan tunani ya birkice.

Ɗaya daga cikin sinadaran da suka fi shafar tuna abu shi ne asetilkolin, wanda masanin kimiyya Otto Loewi ya nuna aikinsa a 1921 da zuciyar kwaɗo. A cutar mantuwa ta Alzheimer ƙwayoyin da ke yin sa mutuwa suke a hankali, shi ya sa ake ba da maganin donepezil don ya hana ɗan abin da ya rage saurin lalacewa, yana sauƙaƙawa amma fa ba ya warkarwa. Sinadarin dofamin kuma in ya ragu sai rawar hannu da sandarewar jiki na cutar Parkinson. Amma kar a ɗauka duk ciwon ƙwaƙwalwa lissafin ragi da ƙari ne kawai, ciwon damuwa misali ya wuce maganar sinadarin serotonin, mai shafar yanayin zuciya, shi kaɗai.

Inda abin ya fi damu na shi ne tsofaffinmu. Mantuwa tana zuwa cikin watanni da shekaru, Hajiya ta tambaye ka abu sau uku a zama ɗaya amma ta ba ka labarin bikinta tiryan-tiryan. Ruɗewa daban take. Jiya Malam lafiya lau, yau da la'asar yana cewa a ba shi buta zai yi asuba, yana zaune a ɗakinsa yana roƙon a mai da shi gida, yana tsintar abin da babu a kan zanin gado, da safe ya ɗan dawo hayyacinsa da dare kuma ya ƙara rikicewa. Wani ma ba ya hayaniya, barci kawai yake ta yi, sai a ce ai gajiya ce. Wannan wallahi ba tsufa ba ne, kuma sau da yawa yana da magani in an yi sauri, don abin da ke jawo shi kan zama zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, faɗuwar suga, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 a Garwa da Marwa.

Sai ƙwayoyin bakin hanya. Artane toshe asetilkolin yake kai tsaye, ka ga in tsoho ya sha ai an ƙara masa mantuwa ke nan da hannu. Diyazefam yana ƙarfafa sinadarin GABA mai kwantar da ƙwaƙwalwa, mutum ya yi barci ya tashi bai san abin da ya faru ba. Tiramol da matasa 'yan moto ke haɗiya don su jure aiki yana taɓa serotonin, in ya yi yawa har farfaɗiya yake sawa.

A yi addu'a, a yi tofi, ba wanda ya hana, amma don Allah in dattijo ya ruɗe farat ɗaya a kai shi asibiti a ranar, kar a kwana ana jiran aljani ya sauka. A tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, na famasi da na mai tebur da na gargajiya, a nuna wa likita. Wanda ya daɗe yana shan diyazefam kuma kar a yanke masa lokaci guda, likita ne zai rage masa kaɗan-kaɗan don yankewar kanta tana kawo jijjiga.